Ajin koyon waya a unguwa: wa zai kama mana?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum jama'ar Gwammaja da kewaye. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ya tsaya mini a rai tun ranar Talata.

Goggona, ƙanwar mahaifinmu, mai ƙosai ce, kuma ita ce uwar adashen matan layinsu. Mata 12 ke zubi a hannunta. Tun wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023, lokacin da mutane suka riƙa kwana a layin banki, aka matsa mata ta buɗe asusu, zubin ma rabinsa ya koma ta waya. Ranar Talata da hantsi wani ya kira ta, da sallama da ladabi, Hausarsa tas, ya ambaci sunanta har da na mahaifinta. Ya ce daga banki ne, wai BVN ɗinta, wato lambar shaidarta ta banki, ya samu matsala, in ba a gyara yau ba za a rufe asusun. Ya sa ta ɗauko katinta, ya ce a karanto masa lambobin gaba da na baya, sannan ya ce wasu lambobi za su shigo, su ma a karanto. Ita ba ta yi boko ba, sai ta kira jikanta ɗan aji 4 ya karanta. Kafin azahar babu ko sisi.

Da na je bayan isha'i na same ta a kan tabarma ta haɗa kai da gwiwa, wayar na cikin farar ledar da take sa ta saboda mai. Na zare ta, na cire rigar wayar, sai ga 'yar takarda a ninke, an rubuta lambar sirrin katinta da biro. Wani ne ya rubuta mata don kada ta manta. Ba ta yi kuka ba. Abin da kawai take maimaitawa shi ne, "Da wane ido zan kalli matan nan?"

Dangi mun haɗa kuɗin, an ba mai ɗauka. Amma a hanyata ta komawa gida na yi ta lissafi: shekara nawa ina da babbar waya, ina sana'a da ita, ban taɓa zama da Goggo na minti 10 na ce mata banki ba ya tambayar waɗannan lambobin ba. Irinta nawa ne a layinku?

Shawarata ita ce mu buɗe aji a unguwa, kyauta, kwana biyu a mako, awa ɗaya. Kowa ya zo da wayarsa, ko ƙarama ce mai tocila. A koya da Hausa. Wanda ya iya ya koya wa wanda bai iya ba, kamar yadda muke fitowa yashe kwata kafin damina. Ina neman wuri, ina neman masu koyarwa, ina kuma neman wanda zai ce mini ga inda tunanina ya karkace.

Maman Walid:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya mayar mata da alheri. Baban Ummi ka rubuta sunana na farko.

Abban Sadiq:
Allah ya kiyaye gaba. Amma ɗan'uwa ni fa ina da ja. Komai ya lalace sai a ce talaka ya haɗa kuɗi. Rijiyar burtsatse mu, gyaran taransifoma mu, 'yan sintiri mu, yanzu kuma ilimin waya ma mu? Akwai NITDA, hukumar bunƙasa fasahar zamani, akwai ma'aikata guda ta sadarwa. Daga 2019 zuwa 2023 ɗan Arewa ne ministan, Sheikh Pantami, shugaban NITDA ma Kashifu Inuwa ɗan Jigawa ne. A 2023 an fito da shirin 3MTT aka ce za a horar da mutum miliyan 3. Su suka ce a haɗa NIN, lambar shaidar ɗan ƙasa, da layi, su suka ce a rage yawo da takardun kuɗi. Wanda ya canza kiɗa shi ya kamata ya koya wa mutane rawar.

'Yar BUK:
Yaya Abban Sadiq maganarka tana kan hanya, amma duba wani abu. Shi 3MTT ɗin ta intanet ake cike fom ɗinsa, sai kana da imel, kuma abin da ake koyarwa irin su rubuta manhaja ne da nazarin bayanai. An yi shi don matashin da ya riga ya iya. Goggo ba za ta taɓa jin labarinsa ba. Haka makarantar Digital Bridge da ke nan Kano, ta masu takarda ce. Tsakanin wanda ke son zama gwani da wadda ba ta san bambancin saƙon banki da na ɗan damfara ba akwai rami babba, kuma a ramin nan iyayenmu suke.

Mu ci gaba da matsa wa gwamnati, ban hana ba. Amma ɗan damfara ba zai jira a sa hannu a kasafin kuɗi ba.

Abban Sadiq:
Na ji. Sharaɗina ɗaya: kada in ga hoton ɗan takara a bango. Ranar da aka kawo mana hula da riga, na fita.

Mai POS:
Bari in faɗi abin da nake gani kullum a rumfata, ko da zai zama kamar ina tona asirin sana'armu. A cikin masu zuwa wurina, musamman tsofaffi da yaran da aka aiko daga cikin gida, da yawa katin za su miƙo mini su faɗi lambar sirrin da ƙarfi, mai shayi na ji, mai faci na ji. In na miƙa musu na'urar na ce su danna da kansu sai su ce, "Kai dai danna, ai kai ɗanmu ne." Akwai wata baiwar Allah da ta bar katinta a wurina wata guda, wai ya fi tsaro. Ni ina tsoron Allah, amma gobe wani ne zai zauna a kujerar nan.

Wasu za su ce in mutane sun iya tura kuɗi da kansu kasuwarmu ta mutu. Ba ta mutu ba, mai son tsabar kuɗi dole ya zo. Kuma ni na fi son ciniki da wanda ya san abin da yake yi, don rigimar "an cire ba a ba ni ba" ta fi yawa da wanda bai iya duba asusunsa ba. Ina ciki. Zan zo da na'urata in nuna musu yadda ake kare hannu a danna, da yadda ake karanta rasit.

Malamin Islamiyya:
Assalamu alaikum. Niyya mai kyau ce, Allah ya ba da lada. Sai dai ina da tsoro, kuma gara in faɗa tun yanzu. Muna ganin abin da waya ta yi wa tarbiyya. Yaro ɗan shekara 13 yana kwana a TikTok, ya zo makaranta ido jajur. Aure nawa aka kawo mana sulhu saboda abin da aka gani a waya? Yanzu in muka tara matan aure da 'yan mata muka buɗe musu wannan ƙofa, wa zai ɗauki alhakin abin da zai biyo baya?

Maman Walid:
Allah ya gafarta Malam, da girmamawa nake magana. Ƙofar nan ta daɗe a buɗe. Babu gidan da za ka shiga a layinmu ba ka tarar da waya ba. Abin da ya rage shi ne matar gidan ta san abin da ke hannunta ko kada ta sani.

Bari in ba ka misali da kaina. Shekaru 4 da suka wuce ban san komai ba sai amsa kira. Turaren wuta da humra nake haɗawa. In an turo kuɗi sai na jira ƙanin maigidana ya dawo ya duba mini ko ya shigo. Ya san nawa na samu, ya san wa ya saya, duk gidan an san cinikina. Ba mugu ba ne, amma mace tana son sirrinta. Wata rana sakamakon gwajin asibiti aka turo mini a waya, abin da ya shafi mata, dole na ba yaron maƙwabta ya buɗe. Malam, ran nan na yi kuka. Na ce wa 'yata ta zauna ta koya mini ko za mu kwana.

Yau ina ɗora hoton kayana a WhatsApp, ana saya daga Kaduna da Abuja, in kai tasha a ba direba. Karatun da kuke ɗorawa na tafsiri ma a nan nake saurara ina aikin gida. Kuma don na iya ne na gane abin da ɗana yake kallo na ƙwace wayar. Uwar da ba ta iya ba, yaro zai ce mata aikin makaranta yake yi, ta sa masa albarka.

Malamin Islamiyya:
Hajiya kin yi magana, kuma na ji ta har zuciya. Batun uwa ta iya don ta sa ido a kan ɗanta, ban kalle shi ta nan ba. To ga abin da zan ce: mata su koya wa mata, a wuri mai sutura, kowace da sanin mijinta ko mahaifinta. In an yarda da haka, makarantarmu ba a karatu Alhamis da Juma'a, azuzuwa 3 suna kulle. Zan yi magana da kwamiti. Kuma ina roƙo a sa darasi guda a kan yaɗa labarin da ba a tabbatar ba, don wannan cutar har mu malamai ta kama. Murya ce za a turo, ba a san mai ita ba, kafin magariba ta zaga gari.

Ɗan Kwari:
Ma sha Allah, an samu wuri. Ni ba ni da lokacin koyarwa, kasuwa ba ta bari. Amma ku sani ba mata da tsofaffi kaɗai ba ne. A Kantin Kwari akwai alhazan da ke juya miliyoyi, amma yaron shago ne ke riƙe da wayar banki. An sha yi wa mutane alat na bogi: saƙo ya shigo kamar na banki, a ɗaure dila a tafi, sai an duba asusu a ga wayam. A koya wa mutane cewa saƙo ba shaida ba ne, a buɗe asusu a ga kuɗin da ido. Na ɗauki nauyin data na wata 3.

Malam Mai Alli:
Shekarata 19 ina koyarwa a makarantar gwamnati, bari in shigo da yara cikin maganar.

Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya. Tun 2021 kuma ba a rajista sai da NIN: yaro zai tura lambarsa zuwa 55019 ko 66019 a ba shi lambar da zai yi rajista da ita, kuma layin da ya yi amfani da shi ya zama nasa har ƙarshe. Abin da ke faruwa shi ne a ari layin wani, ko mai shagon intanet ya buɗe wa yaro imel ya riƙe kalmar sirrin, bayan wata 6 ana neman saƙon makaranta babu mai iya shiga. Bashin karatu na NELFUND da aka buɗe a 2024 shi ma ta intanet ne kaf.

Sannan kada a ruɗe da ganin yaro yana latsa waya a ɗauka ya iya kwamfuta. Na raka ɗalibaina gwajin share fage wata shekara. Akwai yarinyar da ta fi kowa lissafi a ajina. Ta zauna gaban kwamfuta ta ɗaga linzamin kwamfutar, wato mouse, sama tana juya shi a iska, tana kallon allon, kibiyar ta ƙi motsi. Sai ta fara taɓa gilashin da yatsa kamar waya. Minti kusan 10 suka tafi kafin wani ya lura. Da ta fito hannunta rawa yake. Yarinyar nan ba ilimi ta rasa ba, ba a taɓa zaunar da ita gaban abin ba ne ko sau ɗaya.

In za a samu ko kwamfuta 3 tsofaffi, zan ɗauki 'yan aji 6 na sakandare duk Asabar da safe daga yanzu har lokacin jarrabawa.

'Yar BUK:
Malam ina da tsohuwar laftof, batirin ya mutu amma tana aiki da wuta. Na bayar. Kuma ina ganin mu je CITAD, cibiyar nan da Malam Y.Z. Ya'u ke jagoranta. A nan Kano suke, kuma sun daɗe a kan wannan aiki na kai ilimin kwamfuta ga mata da waɗanda aka bari a baya. Ko shawara suka ba mu kan yadda ake tsara darasi, mun ci riba.

Injiniyan Farm Centre:
Ni gyaran waya nake yi, kuma rabin waɗanda ke zuwa wurina wayarsu lafiyarta ƙalau. Ga abubuwan da nake so a fara da su, don su ne ke sa mutane kuka a gaban teburina.

Na farko satar WhatsApp. Wani zai kira ya ce ana taron ƙungiya ta intanet, ko za a raba tallafi, an turo maka lamba 6, karanto. Kana karantowa ya ɗauke asusunka, ya shiga rubuta wa 'yan'uwanka cewa kana asibiti a turo kuɗi. Maganinsa yana cikin WhatsApp ɗin kansa, akwai wurin sa lambar sirri ta biyu, minti 2 ne aikin. Ko a wannan zauren na tabbata akwai waɗanda ba su sa ba.

Sai ƙwacen waya, wanda ba sai na yi wa ɗan Kano bayani ba. Mutane suna kukan wayar, alhali ɓarawon layin yake so. Zai cire shi ya sa a wata ƙaramar waya ya shiga lalube asusu. A sa wa layin kansa lambar sirri, daban da ta buɗe waya. Amma a koya da hankali: in ka yi kuskure sau 3 zai kulle, sai da lambar PUK da ke jikin katin da aka ɓallo layin. Kuma kowa ya san lambar rufe asusu ta bankinsa, ya rubuta ta a gida, don ranar da abin ya faru da wayar wani za ka kira.

Akwai kuma masu layin da aka yi wa rajista da sunan wani. Tun da aka fara haɗa NIN da layi a ƙarshen 2020 nake ganinsu. Mace ta shekara 10 da layi, duk abokan cinikinta shi suka sani, ya ɓata, ta je a dawo mata da shi a ce ba sunanta ba ne, sunan wani yaro ne da ya tafi Legas.

Ni Juma'a da safe ba na fita kasuwa da wuri. Zan zo.

Baban Ummi:
Injiniya wallahi yanzu na je na sa lambar ta biyu. Allah ya saka.

Dattijon Layi:
'Ya'yana, ina karanta ku tun ɗazu, jikata ce ke taya ni rubutu. Na yi aikin koyar da manya shekaru masu yawa kafin in yi ritaya. A 1980 gwamnatin marigayi Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a jihar nan, muka riƙa bin unguwanni da ƙauyuka da allo da fitila. Kafin mu ma an yi Yaƙi da Jahilci tun zamanin En'e. Don haka abin da kuke shirin yi yana da tushe a garin nan.

Ga abin da aikin ya koya mini. Babba ba ya gudun karatu, kunya yake gudu. Ranar da yaro ya yi masa dariya, ko ya ce "Baba ai na gaya maka jiya", ba za ka sake ganinsa ba, kuma ba zai faɗa maka dalili ba, zai ce ƙafa ce ke ciwo. Kada ku zaunar da uba da ɗansa a benci ɗaya. Kada ku zaunar da suruka da matar ɗanta. Kada ku ce za ku koyar da abu 5 a rana, ɗaya ya isa, a maimaita shi har hannu ya saba. Ku fara da abin da ya kawo mutum. Wanda fanshonsa ke damunsa, ku fara da duba asusu. Wadda ɗanta ke Saudiyya, ku fara da kiran bidiyo. In ya ga amfanin ranar farko, shi zai kawo muku abokinsa.

Sannan ku dubi hannunmu. Yatsan da ya shekara 40 yana aiki ya yi kanta, gilashin waya ba ya jin sa da wuri. Mu kuma dannawa muke da ƙarfi mu riƙe, kamar rediyo, sai wani abu daban ya buɗe mu tsorata. Ido ma ya yi rauni. Ku fara ƙara mana girman rubutu kafin komai.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi muhimmanci: mai koyarwa ya sa hannunsa a baya. Kuna da saurin cewa "kawo in yi maka". In ka karɓi wayar ka yi, ka taimake shi yau, gobe yana nan inda yake.

Maman Walid:
Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Maganar suruka gaskiya ce wallahi.

Mai POS:
Maganar Baba ta hannu a baya ta zama doka, saboda wani dalilin ma. In muka tara mutane suna buɗe asusu a gaban matasa, wata rana za a samu ɓata-gari ya shigo da sunan koyarwa. Kada mai koyarwa ya taɓa wayar kowa, kada ya ga lambar sirrin kowa. In za a danna, ya juya baya. Kuma kada a karɓi NIN ko BVN na kowa da sunan rajistar aji. Suna da layin da mutum yake zaune sun isa.

Abban Sadiq:
To batun kuɗi fa? Tun da NCC, hukumar kula da kamfanonin sadarwa, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, data ta zama abin da ta zama. Mai ƙosai za ta iya da ita bayan an gama ajin? Kada mu koya wa mutane abin da ba za su iya riƙewa ba. Ga wuta kuma, wani sai ya biya mai caji kafin wayarsa ta tashi.

Injiniyan Farm Centre:
Yaya, abubuwa da yawa ba sa buƙatar data ko kaɗan. Yanzu lambobin sun zama iri ɗaya a duk layuka: *310# ka ga kuɗin kiranka, *323# ka ga ragowar data. *346# yana nuna maka NIN ɗinka a layin da ka yi rajista da shi, ana cirar 'yan kuɗi kaɗan. In saƙonnin talla sun dame ka, ka tura STOP zuwa 2442. In kana da ƙorafin da kamfanin layi bai warware ba, 622 na NCC ne, kyauta. Tura kuɗi ma kowane banki yana da lambarsa da ke aiki a ƙaramar waya.

Masu babbar waya kuma datarsu ba su ke cinye ta ba. Bidiyon da ake turowa zaurukan biki da na dangi ne ke sauka da kansa cikin dare. A kashe wannan kaɗai, wadda take ƙarewa a kwana 3 za ta kai mako.

Abu Yasir:
Assalamu alaikum. Ni makaho ne, a Tudun Maliki na yi karatu, kuma da kaina nake rubuta wannan. A wayar Android akwai TalkBack, yana karanta mini duk abin da yatsana ya taɓa. Da muryar Turanci yake karanto Hausa, sai kunne ya saba, amma ana ganewa. Da shi nake tura kuɗi, da shi nake bin wannan muhawarar tun farkonta.

Na ga an lissafa mata, an lissafa tsofaffi da ɗalibai, ba a ambace mu ba. Ban yi fushi ba, an saba. Amma akwai makafi da kurame da guragu a unguwar nan, kuma mu ne muka fi kowa ba wani waya ya duba mana. Ina roƙon ajin ya zama a ƙasa, ba hawa bene. Ni kuma zan koya wa duk mai matsalar ido, har da tsofaffin da yanar ido ta rufe musu gani.

Baban Ummi:
Malam Abu Yasir ka yafe mana, laifina ne da na buɗe maganar ban sa ku ba. Kana cikin masu tsarawa daga yau.

Malamin Islamiyya:
Azuzuwanmu duk a ƙasa suke, sai dai ƙofar akwai 'yar matakala guda biyu. Za mu sa a zuba siminti a gefe don masu keke.

'Yar BUK:
Saura waɗanda ba sa karanta boko sam. Kakata da ajami take rubuta lissafin bashinta, amma ta haddace lambobi sarai. Na gwada da ita: na sa hoton kowane ɗanta a jikin lambarsa, na nuna mata alamar makirfo ta riƙe ta yi magana ta saki. Yanzu saƙon murya take turo mana kullum da asuba. Su kuma masu karatu, a sa musu allon rubutu na Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ, akwai shi a manhajar Gboard. Abin da zai ba mu wahala shi ne manhajojin banki da saƙonninsu, kusan duk Turanci ne. Ina ganin mu zana 'yan kalmomin da ke yawan fitowa a babbar takarda da ma'anarsu, mu manna a bango, kowa ya riƙa ganinsu.

Malam Mai Alli:
Kwali da maka suna wurina. Ki turo kalmomin in rubuta da babban baƙi.

Ɗan Kwari:
A je wa Mai Unguwa kafin a fara. Kada ya ji a bakin mutane.

Baban Ummi:
Haka ne Alhaji. Ni da Baba Dattijo da Malam za mu je gobe bayan la'asar in Allah ya kai mu. Ga inda muka tsaya, a gyara mini in na yi kuskure. Mata ranar Alhamis, Maman Walid da ƙanwarmu ta BUK, sai a samo ƙarin mata 2. Maza Juma'a da safe zuwa ƙarfe 11, Injiniya da Mai POS da Malam Abu Yasir. Ɗalibai Asabar da safe, amma su sai an nemo wani wurin tunda akwai karatu a Islamiyya ranar. Kada aji ya wuce mutum 15. Darasin farko ga kowa: lambobin da ba a faɗa wa kowa, ko da ya ce daga banki yake.

Na kira Goggo yanzu na gaya mata. Ta yi shiru, sannan ta ce za ta zo, kuma za ta zo da matan adashen duka. Amma ta ce in da yamma ne ba za ta samu ba, lokacin take surfa wake ta kai niƙa.

Maman Walid:
To a sa ƙarfe 10 na safe, ta sauke kasko, yara sun tafi boko, ba a ɗora na rana ba. Ka ce mata ta zo da wayar da katin duka, ranar za ta canza lambar da hannunta, takardar nan kuma a ƙona ta.

Abban Sadiq:
Garejina babu mota a ciki, kuma ina da sola. Malam Mai Alli ka kawo yaranka Asabar. Benci ne ba ni da shi, wa ke da guda 4 ya ara mana?